Mohamed Amin: Mai kyamarar da ya sa duniya ta ga yunwar Habasha

A ranar 23 ga Oktoban 1984, gidan talabijin na BBC ya watsa wani rahoto daga Korem, wani gari da ke kan tsaunukan arewacin Habasha. Dubban mutane ne kwance a fili cikin sanyin asuba, yara sun zama ƙashi da fata, ga gawarwakin waɗanda suka mutu cikin dare an jera su a gefe.

Muryar da aka ji a rahoton ta Michael Buerk ce, Baturen Ingila, kuma sunansa ne ya fi fitowa. Amma wanda ya ɗauki hotunan, ya kuma yi faɗi-tashin neman izinin shiga yankin, ɗan Kenya ne mai suna Mohamed Amin, wanda abokan aikinsa ke kira Mo.

An haife shi a 1943 a unguwar Eastleigh da ke Nairobi. Iyayensa Musulmi ne 'yan asalin yankin Punjab, mahaifinsa ma'aikacin jirgin ƙasa. A Darussalam ta Tanzaniya ya tashi, kuma tun yana ɗan makaranta ya fara sayar wa jaridu hotuna. Bai tsaya kammala karatu ba. A 1963 ya buɗe kamfaninsa, Camerapix, daga baya ya mayar da shi Nairobi.

Lokacin ya zo masa daidai, domin ƙasashen Gabashin Afirka na karɓar 'yancin kai ɗaya bayan ɗaya, ga juyin-juya-hali a Zanzibar, ga boren sojoji. Gidajen talabijin na Turai na neman hotuna, shi kuwa yana wurin, yana jin Suwahili, ya san wanda zai kira. Aikin bai bar shi lafiya ba: a Zanzibar an kama shi, aka tsare shi na makonni.

Ranar 5 ga Yulin 1969 aka harbe Tom Mboya, minista a gwamnatin Jomo Kenyatta, a tsakiyar Nairobi. Cikin 'yan mintuna Amin ya isa wurin, ya bi shi da kyamara har asibiti. Wannan aiki ne ya ba shi kyautar gwarzon mai ɗaukar hoton talabijin na shekara a Birtaniya.

Sai kuma Idi Amin na Yuganda, wanda ya ƙwace mulki a 1971. Ba su da wata dangantaka, suna ne kawai ya zo ɗaya, amma Mo ya samu kusanci da shi irin wanda 'yan jarida kaɗan suka samu. Bayan an hamɓarar da Idi Amin a 1979 ya ɓace wa duniya, Mo da wakilin BBC Brian Barron ne suka gano shi a Jidda a 1980, suka yi hira da shi. A tsakanin waɗannan shekaru ya wallafa littafin hotunan aikin Hajji, a zamanin da ba kowa ke samun izinin ɗaukar hoto a Makka ba.

Yunwar Habasha ba fari ne kaɗai ya kawo ta ba. Gwamnatin soja ta Mengistu Haile Mariam na yaƙi da 'yan tawayen Tigray da Eritiriya, yaƙin ya hana noma, ya toshe kasuwanni da hanyoyi. A watan Satumban 1984 gwamnatin ta shagala da gagarumin bikin cika shekara goma da juyin-juya-hali, ba ta kuma son baƙi su ga abin da ke faruwa a arewa. Sai da aka watse daga biki aka sassauta. Amin, wanda a lokacin yake wakiltar kamfanin dillancin hotunan labarai na Visnews, ya daɗe yana ƙwanƙwasa ƙofar jami'an Addis Ababa kafin a bar su su tafi.

Abin da ya bambanta hotunan Korem shi ne natsuwa. Kyamarar ba ta gaggawa. Tana tsayawa a kan fuska ɗaya har mai kallo ya kasa kau da kai. Ɗaruruwan gidajen talabijin a faɗin duniya suka sake watsa rahoton, ciki har da NBC ta Amurka.

Mawaƙin nan ɗan ƙasar Ireland, Bob Geldof, na cikin waɗanda suka kalla. Ya tara mawaƙa a ƙarƙashin sunan Band Aid, sannan a ranar 13 ga Yulin 1985 aka yi bikin Live Aid a Landan da Filadelfiya lokaci guda, aka tara miliyoyin daloli. Gwamnatocin da suka yi kunnen uwar shegu da gargaɗin ƙungiyoyin agaji na tsawon watanni suka fara turo hatsi. Amin ya koma yankunan da yunwar ta shafa, ya haɗa shirin fim mai suna African Calvary.

Duk da haka, hotunan sun bar baya da ƙura. Mutane da yawa sun rayu saboda su, wannan babu musu. Sai dai tun daga lokacin, a idon Turawa da dama, Afirka ta zama yaro mai kumburarren ciki da ƙuda a fuska, kuma 'yan Habasha sun daɗe suna ƙorafin cewa an manta da tarihin ƙasarsu, an tuna yunwa kawai. An kuma yi ta magana kan fari, aka taƙaita magana kan yaƙi da manufofin gwamnati. Ɗora wa mai kyamara wannan laifi zai yi tsauri, domin shi ne dai ya shafe shekaru yana wallafa littattafan hotunan kyawun Kenya da Habasha da Pakistan, kuma kamfaninsa ne ya riƙa buga Selamta a wancan zamanin, mujallar jiragen Ethiopian Airlines. Amma ba waɗannan ne duniya ta riƙe ba.

A watan Yunin 1991, kwanaki kaɗan bayan 'yan tawaye sun shiga Addis Ababa, wani rumbun makamai ya kama da wuta a birnin. Amin ya nufi wurin da tawagarsa. Fashewar ta kashe mai ɗaukar masa sauti, John Mathai, shi kuma ya rasa hannunsa na hagu. Ga mai ɗaukar hoto, wannan tamkar ƙarshen sana'a ne. An yi masa hannun roba da aka ƙera don riƙe kyamara, ya koma bakin aiki.

Ranar 23 ga Nuwamban 1996 ya hau jirgin Ethiopian Airlines mai lamba 961 daga Addis Ababa zai koma gida Nairobi, tare da abokin aikinsa, marubuci Brian Tetley. Jirgin zai wuce ne zuwa Barazabil, Legas da Abijan, don haka akwai 'yan Najeriya a ciki. Bayan tashinsa, wasu matasa uku 'yan Habasha suka kutsa ɗakin matuƙa, suka ce sai an kai su Ostareliya. Matuƙin, Leul Abate, ya shaida musu man ba zai kai ba, suka ƙi yarda.

Mai ya ƙare a kusa da tsibiran Komoros, jirgin ya faɗa teku dab da gaɓa. Cikin mutum 175 da ke ciki, 125 suka mutu, har da Amin da Tetley. Wasu da suka tsira sun ba da labarin cewa a mintunan ƙarshe ba ya kan kujerarsa, yana tsaye wajen ƙofar matuƙa yana ƙoƙarin shawo kan maharan. Shekararsa 53.

Hoton faɗuwar jirgin da aka nuna a duniya, wata 'yar yawon buɗe ido ce da ke hutawa a bakin teku ta ɗauke shi da ƙaramar kyamararta.