TARIHI: Friedrich Jahn, malamin da ya raɗa wa wasan jimnastik sunaye

Ɗalibin da ke karatun ilimin motsa jiki a Jami'ar Maiduguri, idan ya zo kan darasin jimnastik, wato wasan lilo da alkafura da lanƙwasa jiki, da wuya bai ci karo da sunan Friedrich Ludwig Jahn ba. Shi ake kira uban wannan wasa.

An haife shi ranar 11 ga Agusta, 1778, a ƙauyen Lanz na ƙasar Furusiya, cikin Jamus ta yau. Ke nan tsaran Shehu Muhammadu El-Kanemi na Borno ne. Mahaifinsa limamin coci ne, shi kuwa ya karanci addini da ilimin harshe.

Kashin da Napoleon na Faransa ya ba Furusiya a 1806 ya yi masa zafi ƙwarai. Ya ƙudurta cewa ƙasa ba za ta farfaɗo ba sai matasanta sun yi ƙarfin jiki. A 1811 ya buɗe filin atisaye na farko a Hasenheide, a bayan garin Balin.

A nan ne ilimin harshensa ya yi rana. Ya ƙi kalmar jimnastik saboda asalinta Girkanci ne, ya ƙirƙiro Turnen. Sandar da ake gicciyawa sama a yi lilo a kanta ya kira ta Reck, kalmar da mutanen arewacin Jamus ke kiran sandar shanya da ita. Sanduna biyu na jere da ɗan wasa ke dogarawa a kansu ya kira su Barren. Atisayen da mutum ya zaɓa da kansa kuwa Kür ne, wanda har yau Jamusawa ke faɗa a gasa. Shi da almajirinsa Ernst Eiselen sun tattara waɗannan kalmomi a littafi a 1816.

Sai dai gwamnati ta tsargu da taron matasa masu kiran haɗin kan Jamus. Aka kama shi a 1819, aka haramta wasan a 1820. Ko da aka wanke shi a 1825, an hana shi zama a Balin, sai ya koma garin Freyburg. Ba a ɗage haramcin ba sai 1842. An zaɓe shi ɗan majalisar Frankfurt a 1848, ya mutu ranar 15 ga Oktoba, 1852.

Masana tarihi na sukarsa kan tsananin ƙyamar baƙi, abin da ya ba 'yan Nazi damar fakewa da sunansa daga baya. Duk da haka sandunansa na cikin kayan gasa shida na maza a Olamfik. A Hausa kuwa, har yau ba su samu tsayayyen suna ba.