Ladi Kwali (1925–1984): Maginiyar da ta Fitar da Tulu Daga Madafa

An haifi Ladi wajajen shekarar 1925 a ƙauyen Kwali da ke ƙasar Gwari, wanda a yau yake cikin yankin Babban Birnin Tarayya. Ginin tukwane a wannan yanki sana'ar mata ce ta gado, kuma a hannun wata 'yar'uwar iyayenta ta koye shi tun tana ƙarama. Ana murza yumɓu ne kamar igiya, a ɗora wani bisa wani, maginiya tana zagaya tukunyar tana daidaita ta da hannu, sannan a gasa a fili da itace da ciyawa. A jikin tulunanta ta riƙa zana kunama da kada da ƙadangare da hawainiya da kifi, tsakanin layukan da ta tsara da natsuwa.

Wanda ya fara ɗaukaka aikinta shi ne Sarkin Abuja Sulaimanu Barau. Abuja ta wancan zamani, wadda ake kira Suleja a yanzu, masarauta ce da zuriyar sarakunan Haɓe na Zazzau suka kafa a 1828 bayan jihadi, don haka Hausa ce harshen fadarta da kasuwarta. A wannan fada ne Michael Cardew, maginin tukwane ɗan Ingila da gwamnatin mulkin mallaka ta ɗauko, ya ga tulunan Ladi da sarki ya tara. Cardew ya buɗe cibiyar koyar da ginin tukwane a garin a farkon shekarun 1950, Ladi kuma ta shiga a 1954, ta zama mace ta farko a cikinta.

A cibiyar ta koyi gini a kan faifan juyi da shafa ruwan ƙyalli da gashi a tanderu mai tsananin zafi. Duk da haka, manyan tulunanta da hannu ta ci gaba da gina su, kamar yadda ta gada. Sai dai sabon gashin ya sauya musu hali. Tulun gargajiya yana da sauƙin ɗauka, yana kuma tsattsafo da ruwa ta jikinsa, abin da ke sanyaya na ciki. Wanda aka shafe da ƙyalli kuwa ya yi nauyi, jikinsa ya toshe, bai dace da zuwa rafi ba. Ke nan tulun ya bar aikin da aka san shi da shi, ya koma abin kallo da ajiya. Wannan sauyi shi ya kai sunanta duniya, shi ne kuma ya nisanta aikin nata da matan da suka fi kowa sanin amfaninsa.

An baje kolin ayyukanta a Landan a 1958 da 1959 da 1962, ta kuma zagaya Amurka a 1972 tana gini a gaban jama'a. Ko da yake ba ta yi karatun boko ba, Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba ta digirin girmamawa na dakta a 1977, gwamnatin tarayya kuma ta karrama ta a 1980 da 1981. Ta rasu a Minna ranar 12 ga Agusta, 1984. Cibiyar Suleja tana ɗauke da sunanta, hotonta kuma yana bayan takardar naira 20.

Ga manazarta al'adun Hausawa da maƙwabtansu, rayuwarta tana nuni da wani giɓi. Sunan Ladi ya tsira ne saboda sarki ya adana aikinta, cibiya kuma ta rubuta tarihinta. Maginan da suka cika kasuwannin Kazaure da Ɓaɓura da Roni da Gwiwa da randuna da tuluna ba su sami irin wannan gata ba. Tattara sunayensu da salon zanensu da kalmomin sana'arsu aiki ne da ya kamata a hanzarta, domin roba da ƙarfe suna ta maye gurbin yumɓu a gidaje.