Halimatu Sa'adiyya, Mai Renon Manzon Allah (SAW), da Haƙƙin Masu Reno a Kanmu

Godiya ta tabbata ga Allah Ubangijin talikai. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya. Bayan haka:

Duk wanda ya tashi a Nima ko Mamobi, ya zauna gaban malami ya saurari karatun sira, ya san sunan Halimatu Sa'adiyya, Allah Ya ƙara mata yarda. Da wuya ka shiga gida a zangonmu ba ka tarar da Halima ko Sadiya ba. Amma kaɗan ne daga cikinmu suke tuna abin da ya kai wannan baiwar Allah Makka tun farko. Neman aiki ne ya kai ta. Ta je ta karɓi ɗan wani ta shayar da shi, ta rene shi, a biya ta, ta ciyar da iyalinta. Don haka tarihinta ya shafi kowane gida da yake da mai reno ko 'yar aiki a cikinsa.

Asalinta

Ita ce Halimatu 'yar Abu Zu'aibi, daga Banu Sa'ad bin Bakr, wani reshe na babbar ƙabilar Hawazin da ke kiwo a dajin yankin Ɗa'ifa. Mijinta shi ne Harisu bin Abdul Uzza. Malaman sira sun ambaci 'ya'yansu uku: Abdullahi, da Unaisa, da wadda aka fi sani da laƙabin Shaima'u. Mutane ne makiyaya, arzikinsu raƙuma da tumaki, idan ruwa ya sauka su wadata, idan ya ɗauke su shiga ƙunci.

A wancan zamani manyan gidajen Ƙuraishawa sukan ba da jariransu ga matan ƙauye, domin yaro ya tsira daga cututtukan gari, jikinsa ya yi ƙwari, harshensa ya miƙe a kan Larabci tsantsa. Banu Sa'ad sun shahara da fasahar harshe, saboda haka matansu sukan zo Makka ƙungiya-ƙungiya neman jarirai.

Zuwanta Makka

An haifi Manzon Allah (SAW) a Shekarar Giwa, wajen 570 ko 571 Miladiyya, mahaifinsa Abdullahi ya riga ya rasu. Mahaifiyarsa Aminatu ta shayar da shi, haka ma Suwaibatu baiwar Abu Lahabi ta shayar da shi kwanaki kaɗan. A wannan shekara fari ya yi tsanani a ƙasar Banu Sa'ad. Ibn Ishaƙ ya ruwaito cewa Halima ta fito tare da mijinta da jaririnta a kan wata ramammiyar jaka da take ja wa ayari baya, da tsohuwar taguwa wadda ba ta ɗigar da ko ɗigon nono. Ba sa iya barci da dare saboda kukan yaron don yunwa.

Da suka isa Makka, an nuna wa kowace mace daga cikinsu wannan jariri, kowacce kuma ta ƙi shi da zarar ta ji maraya ne. Halima ma ta ƙi shi da farko. Dalilinsu shi ne, abin da mai shayarwa take sa rai da shi yana fitowa ne daga hannun uba, gwargwadon karamcinsa, sai suka ga uwa da kaka ba za su iya yi musu abin kirki ba. Sauran matan duk suka sami jarirai, Halima kaɗai ta rage, domin ita ma masu hali ba su zaɓe ta ba. Da aka tashi komawa, sai ta gaya wa mijinta cewa tana ƙin ta koma hannu biyu cikin ƙawayenta, za ta je ta ɗauko marayan nan. Mijin ya yarda, yana fatan Allah Ya sanya musu albarka a cikinsa.

Mu lura da wannan wuri, 'yan uwa. Matan nan ba marasa tausayi ba ne. Talakawa ne da yunwa ta koro, kuma aikinsu ya dogara ga abin da zuciyar mai gida ta ga dama. Inda aka bar lada a hannun karamci kaɗai, mai rauni ne yake shan wahala ta kowane ɓangare: maraya ya rasa mai ɗaukarsa, matalauciya ta rasa mai ba ta aiki.

Shekarun reno

Tun daren farko albarka ta bayyana. Nononta ya kawo, jaririn ya ƙoshi, ɗanta Abdullahi ma ya ƙoshi, mijin ya tarar da hantsar taguwa cike. A hanyar komawa jakar da take baya ta wuce gaba. Da suka isa gida tumakinta suna dawowa daga kiwo da ƙoshi, na maƙwabta suna dawowa da yunwa, har mutane suka riƙa umurtar makiyayansu su bi inda na Halima suke kiwo.

Da shekara 2 ta cika ta yaye shi, ta kai shi ga mahaifiyarsa kamar yadda aka saba. Ba ta riƙe shi bisa ra'ayin kanta ba, duk da tsananin son da take yi masa. Ta nemi izinin Aminatu a ƙara mata lokaci, ta kawo hujjar tsoron annobar Makka, ta yi ta roƙo har uwar ta amince. Shaima'u takan goya shi, ta yi masa wasa, yakan kuma fita tare da 'yan uwansa na nono wajen dabbobi.

Sai ranar da Mala'ika Jibrilu ya zo ya tsaga ƙirjinsa ya wanke zuciyarsa, kamar yadda Imamu Muslim ya ruwaito daga Anas. Yara suka rugo gida a firgice suna zaton an kashe shi. Halima da mijinta suka ji tsoron kada wani abu ya same shi a hannunsu, suka mayar da shi Makka yana ɗan shekara 4 ko 5, bisa saɓanin ruwayoyi. Aminatu ta yi mamakin yadda wadda ta nace a bar mata shi ta dawo da shi da kanta, ta matsa mata da tambaya, Halima kuma ta gaya mata duk abin da ya faru. Wannan ita ce amanar mai reno: idan wani abu ya sami yaro, iyayensa su ji daga bakinta.

Bayan reno

Aikin ya ƙare, amma Manzon Allah (SAW) bai ɗauki haƙƙinta ya ƙare ba. Ibn Sa'ad ya ruwaito cewa bayan ya auri Nana Khadija, Halima ta zo Makka ta koka masa da fari da mutuwar dabbobi. Ya yi wa Khadija magana, ita kuwa ta ba ta tumaki 40 da raƙumi.

A watan Shawwal na shekara ta 8 bayan Hijira, wato 630 Miladiyya, aka yi yaƙin Hunaini da Hawazin, Musulmi suka kama mutum wajen 6,000. Shaima'u tana cikinsu, ta tsufa. Ta gaya wa mayaƙa cewa ita 'yar uwar shugabansu ce ta nono, ba su gaskata ba sai da suka kai ta gabansa. Ta nuna masa tabon cizon da ya yi mata a baya lokacin da take goyonsa. Ya gane, ya shimfiɗa mata mayafinsa, ya ba ta zaɓi ko ta zauna wurinsa cikin girmamawa ko ta koma ga mutanenta da kyauta, ta zaɓi komawa. Da wakilan Hawazin suka same shi a Ji'irana, abin da mai magana da yawunsu Zuhairu bin Surad ya tuna masa shi ne, cikin kamammun nan akwai gwaggonninsa da innoninsa na nono waɗanda suka rene shi. Ya saki rabonsa da na Banu Abdul Muɗɗalib, Muhajirai da Ansaru suka bi sahunsa, har aka saki kowa. Kusan shekara 60 ke nan bayan shayarwar.

Abu Dawuda ya ruwaito daga Abuɗ Ɗufaili cewa a Ji'irana ya ga wata mace ta nufo Annabi (SAW), ya shimfiɗa mata mayafinsa ta zauna, aka gaya masa mahaifiyarsa ce da ta shayar da shi. Malamai irin su Ibn Abdil Barr sun lissafa Halima cikin sahabbai, kuma a maƙabartar Baƙi'a da ke Madina ake nuna kabarinta.

Abin da shari'a ta tsara

Musulunci bai bar masu irin aikin Halima a hannun karamcin mai gida ba. Aya ta 233 cikin Suratul Baƙara ta halatta neman mai shayarwa da sharaɗin a miƙa mata abin da aka yi alkawari bisa kyautatawa. Aya ta 6 cikin Suratuɗ Ɗalaƙ ta umurci a biya ladar shayarwa, a kuma yi shawara tsakanin juna. Imamu Buhari ya ruwaito cewa cikin mutum uku da Allah da kanSa zai yi husuma da su ranar ƙiyama akwai wanda ya ɗauki ma'aikaci, ya karɓi aikinsa cikakke, ya hana shi ladarsa. Da aka haifa wa Annabi (SAW) ɗansa Ibrahim, ya ba da shi ga Ummu Saif, matar wani maƙeri a gefen Madina, yakan kuma taka da ƙafarsa ya shiga gidan da hayaƙin maƙera ya cika don ya duba yaron.

A littattafan da muke karantawa a zaurukanmu, Risala ta Ibn Abi Zaid ta ɗora halaccin ijara a kan yanka lokaci da ambaton lada. Muhtasar na Shehu Halil ya shiga batun mai shayarwa filla-filla: wankin tsumman jariri ana komawa ga al'adar gari, mijinta yana da ikon warware yarjejeniya idan ba da izininsa aka ƙulla ba, kuma wadda aka ɗauka don shayarwa ba a ɗora mata reno, wadda aka ɗauka don reno ba a ɗora mata shayarwa. Ma'anarsa, aikin da ba a ambata ba, al'ada kuma ba ta shigar da shi ba, ba ya kan ma'aikaci.

Halinmu a zango

Matanmu da yawa suna fita tun asuba, wasu kasuwar Nima, wasu Makola, wasu wajen sayar da koko da ƙosai, wasu ofis ko asibiti. Dole ana buƙatar mai kula da yara. Sai a aika arewa, Tamale ko Walewale ko Bawku, a kawo yarinya, ko a ɗauko ɗaya daga cikin masu dakon kaya a kasuwannin Akra. A ce mata ta zama 'yar gida, za a saya mata keken ɗinki, za a yi mata kayan ɗaki ranar aure. Ba a faɗi nawa ba, ba a faɗi yaushe ba. An kawo ta don goyo, sai ta zama ita ce mai wanki, mai ɗiban ruwa, mai talla, ita ce ta farkon tashi, ta ƙarshen kwanciya. Ranar da aka sami saɓani sai a ba ta kuɗin mota. Wannan ijara ce da aka jahilci ladarta da lokacinta, malamanmu kuma ba su halatta ta ba. Kiran ta 'yar gida ba ya sauke bashin.

Saboda haka, kafin mai reno ta kwana a gidanka, ku zauna da ita da waliyyinta, da mijinta idan tana da aure, gaban shaidu biyu. A faɗi albashinta, sidi nawa a wata, da ranar biya, da hannun wanda zai karɓa. Idan za a ajiye mata ne, a rubuta, ta san adadinsa. A faɗi aikin: yara nawa, ko da girki da wanki, ko babu. A faɗi lokacin hutunta, da ranar da za ta ziyarci danginta, da inda za ta kwana, wuri mai sutura da kariya daga mazan gida, domin ita ba muharramarsu ba ce. A faɗi wanda zai biya magani idan ta yi ciwo, da yadda za a rabu idan ɗaya ya so rabuwa. A bar mata lokacin salla da na karatu. Idan kuwa ta shayar da jaririn, a sanar da dangi a rubuta, domin a mazhabar Imamu Malik ko tsotso ɗaya da ya isa ciki a cikin shekara 2 yana haramta aure tsakaninsa da 'ya'yanta.

Dokar ƙasa ma tana kan wannan hanya. A 2020 Gana ta kafa dokar ma'aikatan gida mai lamba L.I. 2408, wadda ta wajabta rubutacciyar yarjejeniya, da albashin da bai gaza mafi ƙarancin albashi na ƙasa ba, da hutu. Dokar yara ta 1998 kuma ta sanya shekara 15 a matsayin mafi ƙarancin shekarun ɗaukar yaro aiki. 'Yar shekara 10 da muke ɗora wa goyo, ita kanta tana buƙatar mai reno da makaranta.

Ku kuma masu reno, 'ya'yanmu da ƙannenmu, ku ɗauki Halima abin koyi. Kada ku fita da yaro inda iyayensa ba su sani ba, kada ku ba shi magani ko abin sa barci ba da izini ba, kada ku ɓoye faɗuwa ko ƙuna don tsoron faɗa, kada ku fitar da sirrin gida. Limamai da sarakunan zango kuwa, ya dace su zama shaidu a irin wannan ƙulli kamar yadda suke zama a ɗaurin aure, su kuma buɗe ƙofa ga yarinyar da ta kawo ƙara.

Wanda akwai wata da ta taɓa renonsa ko renon 'ya'yansa, ta tafi da haƙƙinta a wuyansa, ya neme ta ya biya ta tun yana da rai. Idan ta rasu, ya nemi magadanta. Wanda kuma ya biya cikakke, kada ya yanke zumunci, ya tuna da ita ranar salla da ranar buƙatarta, kamar yadda aka tuna da Halima da Shaima'u.

Allah Ya ƙara wa Halimatu Sa'adiyya yarda, Ya saka wa duk wadda ta goye mu da alheri, Ya tsare mu daga cin gumin mai rauni, Ya shirya mana zuriyarmu. Amin.