Likita Mila da Mutanen Gimi

An haifi Likita Walter Miller a Ingila a 1872. Ya koyi Hausa a Tarabulus, ya iso Kano a 1900, amma Sarki Alu bai yarda ya zauna ba. Daga baya ya zauna a Zariya.

Akwai wata jama'a da a ke ce da su Isawa. Tun sa'anda aka kashe malaminsu Ibrahim a kasuwar Kano suka watse, waɗansu suka nufi duwatsun Ningi, inda yaƙi da Kano ba ya ƙarewa. 'Ya'yansu suka tashi ba su da garin kansu. A 1913 waɗansunsu suka zo wurin Likita. Bai sallame su da 'yar sadaka ba, sai ya nema musu ƙasa a Gimi, suka yi gonaki da makaranta.

Ya ɗan'uwa, kada ka zaci mai aikin jinƙai ba ya gamuwa da baƙin ciki. Ciwon barci ya faɗa wa garin, ya kashe mutane da yawa, har aka tashi. Likita kuwa bai yashe su ba: ya karɓi waɗanda suka ragu, duk da marayu, a Zariya, kana a 1929 aka koma Wusasa. Ya rasu a 1952.