Gerardus Mercator: Ɗan badukun da taswirarsa ta ƙanƙantar da Afirka

An haifi Gerardus Mercator ranar 5 ga Maris, 1512, a Rupelmonde, wani ƙaramin gari da ke cikin ƙasar Beljiyam ta yau. Mahaifinsa ɗinkin takalma yake yi. Ya shiga Jami'ar Leuven a 1530, daga baya ya koyi lissafi da ƙera kayan awo a hannun Gemma Frisius. A 1544 hukuma ta kama shi bisa zargin kauce wa aƙidar Katolika, ya yi wata bakwai a tsare, an kuma kashe wasu daga cikin waɗanda aka kama tare da shi. A 1552 ya yi ƙaura zuwa Duisburg a Jamus.

A can ne ya fitar da taswirar duniya a 1569, domin matuƙa jiragen ruwa. Duniya dunƙulalliya ce kamar lemo, kuma ɓawon lemo ba ya shimfiɗuwa a kan faifai sai ya yage ko an ja shi. Dole mai zana taswira ya zaɓi abin da zai kiyaye. Mercator ya zaɓi alkibla, yadda matuƙi zai ja miƙaƙƙen layi tsakanin tashoshi biyu ya bi shi da kamfas. Don haka ya riƙa faɗaɗa ma'auni gwargwadon nisan wuri daga tsakiyar duniya. A digiri 60 tsawo yana ninkuwa biyu, faɗin ƙasa kuma huɗu.

Shi ya sa Turai da Rasha suka kumbura, ƙasashen da ke kusa da tsakiya, irin su Nijeriya, suka tsaya yadda suke. Tsibirin Girinlan yana fitowa kusan daidai da Afirka, alhali Afirka, mai murabba'in kilomita sama da miliyan 30, ta ninka shi kusan sau 14.

Mercator ya rasu ranar 2 ga Disamba, 1594. A shekarar da ta biyo baya ɗansa Rumold ya buga kundin taswirorinsa da sunan Atlas. Taswirar da aka zana domin teku ta ƙare a bangon azuzuwa, daga baya ta shiga wayoyi ta Google Maps. A Agustan 2025 Tarayyar Afirka ta goyi bayan a maye gurbinta da Equal Earth, wadda aka ƙirƙira a 2018 domin nuna girman kowace nahiya daidai.