Robert Manning: Akantan da ake auna ruwan magudanai da lissafinsa har yau

Duk injiniyan da aka ba aikin tsara magudanar ruwa, ta noman rani ce ko ta gefen titi, sai ya amsa tambaya ɗaya kafin a fara haƙa: da wannan faɗi da wannan zurfi, ruwa nawa za ta ɗauka kafin ta tumbatsa? Lissafin da akasarinsu ke dogaro da shi yana ɗauke da sunan Robert Manning, mutumin da bai taɓa zama a ajin koyon injiniya ba.

An haifi Manning ranar 22 ga Oktoba, 1816 a yankin Nomandi na Faransa. Mahaifinsa sojan Birtaniya ne da ya halarci yaƙin Waterloo. A 1826 iyalin suka koma garin Waterford a ƙasar Ayilan, kuma daga 1834 zuwa 1845 aikin akanta ya yi a wurin kawunsa.

Yunwa ce ta sauya masa hanya. Cutar da ta faɗa wa dankalin Turawa daga 1845 ta jefa Ayilan cikin bala'in da ya kashe kimanin mutum miliyan ɗaya. Gwamnati ta faɗaɗa ayyukan yashe koguna da janye ruwa daga filayen da ke malalewa, domin jama'a su samu aikin yi. A 1846 aka ɗauki Manning a wannan sashe na Ofishin Ayyukan Gwamnati. Ya fara da ƙaramin matsayi, amma zuwa 1848 ya zama injiniyan gunduma. Ilimin ruwan kuwa da kansa ya koya, daga littattafan Faransawa da kuma tsayuwa a bakin kogi.

Daga 1855 ya yi shekara 14 yana yi wa wani babban mai filaye, Marquis na Downshire, aiki. A 1869 ya koma ofishin gwamnati, ya zama babban injiniya a 1874, ya riƙe muƙamin har ya yi ritaya a 1891.

Matsalar da ya tarar ita ce lissafin gudun ruwa ya yi yawa, kowane masani da nasa, kuma sukan ba da amsoshi daban-daban a kan magudana ɗaya. Amma duk sun haɗu a kan wani ma'auni da injiniyoyin Birtaniya na lokacin ke kira matsakaicin zurfin ruwa. Wannan ba shi ne zurfin da za ka samu idan ka tsoma sanda ba. Ana samunsa ne ta hanyar raba girman fuskar ruwan, kamar an yanka magudanar a gicciye, da tsawon ƙasa da bangon da ruwan ke taɓawa.

Ɗauki magudana mai faɗin mita 2 da ruwa mai zurfin mita 1. Fuskar ruwan murabba'in mita 2 ce. Ruwan na goga ƙasa mita 2 da bango biyu mita ɗai-ɗai, jimilla mita 4. Amsa ita ce rabin mita. Yanzu a buɗe ta zuwa faɗin mita 4, zurfin ya koma rabin mita. Fuskar ruwan ba ta canza ba, amma abin da yake gogawa ya zama mita 5, amsar ta sauko zuwa 0.4. Ruwan magudana ta biyu zai fi nawa da kusan kashi 14 cikin 100, domin ya fi samun abin da ke riƙe shi. Ɗalibai kan rikita wannan da wani ma'aunin mai kama da shi, wanda ake raba fuskar ruwan da faɗin samansa kawai. Shi wancan ana amfani da shi ne wajen gane ko ruwa na tafiya a natse ko yana zubowa da ƙarfi.

Abin da Manning ya yi aikin akanta ne sak. Ya ɗauki sanannun lissafai bakwai, ya fitar da amsar kowanne a zurfafa daban-daban, daga rubu'in mita zuwa mita 30, ya ɗauki matsakaicinsu, sannan ya nemi ƙa'ida ɗaya da za ta dace. Daga baya ya gwada ta da ma'aunan da Bafaranshe Henri Bazin ya ɗauka a magudanai na gwaji. Abin da ya fito shi ne: idan matsakaicin zurfin ya ninka sau 8, gudun ruwa zai ninka sau 4, idan gangare ya ninka sau 4, gudun zai ninka sau 2. Ya gabatar da sakamakon ga Ƙungiyar Injiniyoyin Ayilan ranar 4 ga Disamba, 1889, yana da shekara 73, aka buga shi a 1891.

Abin mamaki, shi kansa bai gamsu da lissafin ba. Yana ganin fitar da shi da hannu na da wahala a zamanin da babu kalkuleta, kuma ma'aunan ɓangarorinsa biyu ba su daidaita yadda masana ke so ba. Sai ya kawo wani mai sarƙaƙiya, har da nauyin iska a ciki, ya fifita shi. Wannan na biyun ba wanda ya ɗauka. Masu aiki a fili suka riƙe na farko, kuma sun yi daidai, domin ya fi sauƙi kuma amsarsa ba ta nisa da abin da ake gani a magudana.

Harafin n da kowane ɗalibi ya haddace da sunan Manning ma ba nasa ba ne. Aro ne daga Wilhelm Kutter na Suwizalan, kuma wasu ne suka haɗa shi da lissafin daga baya. Shi ne ke auna kaushin magudana: kusan 0.013 ga siminti mai santsi, wajen 0.030 ga magudanar ƙasa mai ciyayi. Ke nan a zurfi da gangare ɗaya, ruwan ta biyun ba ya kai rabin gudun ta farko. Manoman kwarin Haɗeja da kachala ta toshe wa hanyoyin ruwa sun san haka ba tare da lissafi ba.

Kuma ba shi ne ya fara ganowa ba. Injiniyan Faransa Philippe Gauckler ya riga shi da fiye da shekara 20, Manning bai sani ba. Wani malamin Faransa, Alfred Flamant, shi ya yaɗa lissafin da sunan Manning a littafinsa na 1891, sunan kuma ya bi shi. A wasu ƙasashen Turai ana haɗa sunayen uku, Gauckler da Manning da Albert Strickler na Suwizalan, wanda ya sake tabbatar da shi a 1923. Manning ya rasu a Dublin ranar 9 ga Disamba, 1897, yana da shekara 81.