Malam Jibril ɗan Umar, malamin Adar da ya karantar da Shehu Ɗanfodiyo

Duk wanda ya karanta tarihin jihadin 1804 zai ci karo da sunan Malam Jibril ɗan Umar, sai dai galibi a layi ɗaya ake ambatonsa a wuce. Alhali a ƙarni na 18 da wuya a samu malamin da ya fi shi tashe tsakanin Agadas da Gobir da ƙasar Adar, wadda yau take cikin jihar Tawa a Jamhuriyar Nijar.

Sau biyu Malam Jibril ya sauke farali, a zamanin da tafiya Makka kan ci shekaru bisa raƙumi. A birnin Alƙahira ya zauna gaban Muhammad Murtada al-Zabidi, marubucin babban ƙamus ɗin Larabci na Tajul Arus, wanda ya rasu a 1791, ya kuma karɓi ijaza daga gare shi. Wannan ijaza ce ya dawo da ita ya miƙa wa almajiransa, har silsilar malaman Masar ta haɗu da ta ƙasar Hausa.

Cikin almajiran akwai Usman ɗan Fodiyo, wanda aka haifa a 1754. Ya yi kusan shekara guda tare da malamin, ya bi shi har Agadas. Da Malam Jibril ya ɗaura niyyar Hajji, Usman ya juyo gida, domin bai nemi izinin mahaifinsa ba, kuma har ya bar duniya bai samu zuwa Makka ba. Ƙaninsa Abdullahi shi ma ya ɗauki karatu a wurin Malam Jibril.

Malam Jibril mutum ne mai zafi a wa'azi. Yana ganin wanda ya dage kan auren mata fiye da huɗu, ko cin dukiyar marayu, ko cakuɗa maza da mata, ya fita daga Musulunci. Wannan matsayi ya haɗa shi da masu mulki da manyan Abzinawa, zama ya gagare shi a Agadas.

A nan ne almajiri ya saɓa wa malaminsa. Shehu ya rubuta Shifa'ul Galil, ya kuma koma kan batun a Nasa'ihul Ummatil Muhammadiyya, inda ya nuna cewa saɓo, komai girmansa, ba ya kafirta Musulmi a wajen Ahlus Sunna. Ya yi hakan cikin ladabi, yana ba malamin uzuri da tsananin kishin addini, bai kuma daina ɗaukar kansa ɗan ƙaramin almajirinsa ba.

Malam Jibril ya rasu kafin a fara jihadi, bai ga daular da almajiransa suka kafa ba. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya kawo labarinsa a Infaƙul Maisuri. Kabarinsa na ƙauyen Arewa, kusa da Madawa, inda har yau ake kai ziyara.